Farfelar Arzika

Gari bai gama wayewa a Goronyo ba
Arzika ya shiga ruwa har ƙirji,
wuƙa a haƙora.

Tsohon taru ne ya naɗe sandar farfela,
da leda, da igiyar wani da bai sani ba,
suka ci roba, ruwa ya samu kafa,
ɗigo-ɗigo ƙarƙashin buhunan albasa.

Yana yanka, yana warwara
kamar mai raba rigimar gado.
Sabuwar roba. Giris har gwiwar hannu.

Nomau na riƙe da ƙwaryar kwarfa.
"Aje ta, yaro. Yau hutu take."

Amma har suka ƙetare
tafin ƙafarsa na kan katakon nan,
yana sauraren sanyi.