Sifili Ɗaya

Baba ya sayar da filinsa na Unguwar Boro
ran Talata, bayan ruwan la'asar ya ɗauke.
Ya ƙirga kuɗin a kan tabarma har sau uku,
ya ce, "Lai'atu, jami'ar masu bishara za ki."
Na ce, "Baba, ai kurkuku ce da aka kafa wa gicciye."
Ya yi dariya har giɓinsa ya fito,
giɓin da injin masaƙar Kakuri ya bar masa gado.

Na tafi ina ta kumbure-kumbure.
Ƙararrawa ƙarfe biyar na asuba,
siminti na cizon tafin ƙafa,
muna jan waƙar yabo da muryar barci.
Aka auna siket ɗina da ido a bakin ƙofa,
aka rubuta sunana sau biyu don na makara sujada.
Na rantse a zuci: ranar da na fita, ko waiwaye.

Sai dai ba wanda ya sayar mini da maki.
Ba malamin da ya tura ƙofar ofis da ƙafa
ya ce in matso mu fahimci juna.
Shekara huɗu aka ce, huɗun aka yi.

Malam Shekari na ɗakin gwaji,
alli har a girarsa,
ba ya taɓa kwalba sai ya sunkuyar da kai.
Ranar da na ƙara sifili ɗaya a rahotona
don lissafi ya zauna daidai,
bai ɗaga murya ba.
Ya ajiye takardar, ya ce,
"Sifilin nan jinin wani ne wata rana.
Koma ki sake aunawa. Ina nan."
Yana nan kuwa, har janareta ya mutu,
ya haska mini ma'auni da tocilan.

Ina aji uku waya ta zo da tsakar dare:
Baba ya tafi.
Na shiga ɗakin sujada, na ƙi durƙusawa,
na gaya wa Allah maganar da ba a gaya wa babba.
Zugwai ta ji, ba ta toshe mini baki ba.
Fasto Kazah ya ce, "Tambaye shi.
Wanda ya yi ki ba ya tsoron tambayarki."
Kafin gari ya waye kofin shayi ya zaga ɗakuna,
mai hamsin, mai ɗari, har kuɗin sabulu.
Mu tara muka sauka a Kaduna,
takwas suka riƙe waƙar da na kasa ɗauka.

Yau ina aunon jini a Sabon Tasha.
Shekaranjiya wani ya shigo, turarensa ya riga shi,
ya tura mini ambulan a ƙarƙashin fayil.
"Ikilisiya na jiran takarda, an ɗinka anko.
Ni da yarinyar duk muna ɗauke da sikila.
Harafi ɗaya ne, 'yar'uwa. Gyara mini."

Mai gidan hayata a Narayi ya ƙwanƙwasa sau biyu a watan nan.
Ba zan ɓoye ba, hannuna ya motsa.

Sai na ga tocilan, na ga alli a gira,
na ga jaririn da ba a haifa ba yana murɗewa da ciwon ƙashi.
Na mayar masa da ambulan ɗinsa.
Na ce, "Kira ta, mu zauna mu uku."
Ya zage ni tas, ya buga ƙofa.
Ko an ɗaura auren, ban sani ba.
Na dai yi masa addu'a, ita ma da ƙyar ta fito.

Da yamma na bi ta Unguwar Boro.
An gina shaguna biyar a filin Baba,
mai cajin waya, mai sayar da buhun masara.
Na tsaya har mai keke ya gaji da yi mini hon.
Baba, filinka bai salwanta ba.
Ga shi nan ina yawo da shi.