Saiwar Ashirin da Bakwai

An ɗauke wuta a Garin Malam.
Cima ta jingina cocila da kwanon tuwo,
ta buɗe kaye, tana taunar gindin bik,
ta ce, "Baba, Mushe Ilu so yake ya kashe mu."

Na leƙa. Ni ban shiga lakwal ba,
magini ne ni, jikan magini,
amma na san lamba kamar yadda na san tsakuwa.
Ashirin da bakwai ce zaune,
an ɗora mata biyu bisa uku a kafaɗa,
'yan mitsi-mitsi, kamar carki a doron sa.

"Ukun ƙasa," in ji ta, "saiwa take nema:
wace lamba za a jera uku, a ninka,
ta haifi wannan uwar?
Biyun sama kuma ta ce
abin da ka tono, ninka shi da kansa."
Na ce, "Yau ga lamba da saiwa, sai ka ce rogo."

Sai na tuna ramin ruwan Hajiya Zuwera a Birni,
shekarar da famfo ya yi wata biyu bai ko tofa ba.
Mita uku tsawo, uku faɗi,
uku zurfi, nan dutsen Damagaram ya ce mana ya isa.
Diga biyu na karya a wurin.
Ashirin da bakwai na ruwa yake sha in ya cika.

Na ce, "Rubuta uku."
Ta ce, "Wa ya faɗa maka?"
Na ce, "Ƙugun nan nawa. Har yau yana faɗa mini in sanyi ya sauka.
Uku sau uku kuma daɓen gindinsa ne,
tara, da gwiwa na shafe shi."
Ta rubuta tara. Ta daɗe tana kallon hannuna.

Ta juya shafi, ga biyu a ƙarƙashin wata rumfa
mai jela ta gefen hagu.
"Wannan fa ba ta ƙarewa, Baba:
ɗaya, waƙafi, huɗu, ɗaya, huɗu, biyu..."
Na ce, "Layin jarka kenan a bakin famfo."
Na auna mita ɗaya nan, mita ɗaya can a tsakar gida,
na ja igiya daga kusurwa zuwa kusurwa.
"Ga ta. Riƙe.
Baki ya gaza faɗinta, amma igiya ba ta gaza ba."

Akwai wadda muka bari.
Huɗu ce, da sandar ragi a gabanta,
rumfar ta ƙi ba ta inuwa.
"Mushe ya ce a ajinmu ba ta da amsa."
Ban ce komai ba. Na san irinta:
jaka arba'in ɗin da ɗan Hajiya ya ce sai bayan salla,
salla shida kenan.

Can tsakar dare famfo ya yi tari,
ya sake yi.
Cima ta yar da bik, ta suri bokiti,
ni na jawo tulu da baho.
Kaye na nan a buɗe bisa tabarma,
ɗigo ɗaya ya faɗa kan taran,
tawadar ta bazu, ta fara saiwa.