Zanen da Bai Fita Ba

Ruwan Kumasi ba ya sallama.
Kana Kejetia rana na dukan ƙeya,
kafin ka kai Aboabo sama ta kece.
Sai in murɗa waifa:
ta tafi, ta dawo, ta tafi,
kamar mai girgiza kai wai bai ci bashi ba,
ta bar mini yana irin ta saman koko
daidai saitin idona.

Fitilun tirotiro su fashe su yi fure,
mai tallan burodi ta zama mata biyu,
in rasa wacce zan kauce wa.

Sau uku ina sayen roba.
Ta farko ta yi kukan ɓera har ta mutu.
Ta biyu, yaron ya rantse daga Jamus take.
Ta uku ban gaya wa Adiza kuɗinta ba.

Ranar Talata na gangara Suame,
inda ƙasa ta sha baƙin mai ta ƙoshi,
na wuce masu walda, na wuce gawar motoci,
na sami Baba Ntim a gindin rumfa
yana cin ayaba gasasshiya da gyaɗa.
Hausarsa ta kasuwa ce, guntu-guntu,
amma hannunsa ba ya in'ina.

Bai ko dubi robar ba.
Ya ɗaga hannun waifa ya saki,
ya faɗo a hankali kamar mai ciwon baya.
Ya ce sifirin ya gaji,
abin da bai danna ba, ba ya sharewa.
Ya canja shi, ya ɗan lanƙwasa ƙarfen da filaya,
ya kawo sabulun salo da lemon tsami
da tsohuwar jarida,
muka cuɗa har gilashi ya yi ƙara.
Hayaƙin shekara nawa ya bi kwata.

Aka watsa ruwa. Yanar tana nan.

Sai tsohon ya buɗe ƙofa ya zauna a kujerata,
ya ja yatsa ɗaya ta ciki,
ya kai hanci, ya dube ni.
"Ƙosai," in ji shi.
Yaran gareji suka kwashe da dariya.
Ashe tafina ne,
kullum da asuba, in raɓa ta rufe,
da hannun da na karya nake shafewa.
Roba uku na tsine wa a banza.

Da muka gama, gari ya fito tas,
har ganyen mangwaro ina ƙirgawa.
Saura layi ɗaya, siriri,
lanƙwasasshe kamar bakan gizo marar launi.
Ya bi shi da farce, farce ya ce ƙas.
Ya ce, "Nan ƙarfe ya yi tafiya ba takalmi.
Sabulu ba ya jin wannan.
Sai dai sabon gilashi, ina da na Koriya."

Na san daren.
Robar ta tsinke a kwanar Asawase,
ruwa kamar da bakin ƙwarya,
Adiza a baya tana cizon mayafi
tana kiran sunan uwarta,
ni kuwa ban kashe waifa ba,
ƙarfe na cin gilashi ƙiii, ƙiii,
har ƙofar asibitin Manhyia.

Na ce, Baba, bar shi.
Na biya kuɗin sifirin, ya ƙi na sabulu.

Yau da la'asar hadari ya haɗo ta Tafo.
Zinatu na gaba, ta taso daga makaranta,
ƙafarta ba ta kai ƙasa ba tukuna.
Waifa na tafiya shiru, tana kwashewa fes.
Wata babbar mota ta hasko mu,
layin ya kama wuta daga gefe zuwa gefe.
Ta miƙa yatsa, ba ta kai ba.
"Baba, wa ya ɓata maka mota?"

Na sa sigina, na bar mai keke ya wuce.
Na ce, ke.