Ranar Suna a Naraguta

Dillalin duwatsu daga Dilimi ne ya kawo ki,
a ƙunshe cikin tsohuwar jarida.
Ya ce, "Wannan ya ƙi sayuwa, akwai datti a ciki."
Dakta Kachollom ta ɗaga shi saitin taga:
ƙaro ne, hawayen wani ice
da ya daskare tun ba a san wuta ba,
launin zumar da aka manta a gindin kwalba.
Ta yi shiru. Ta biya, ko tayi babu.

Ni mai goge madubai ne a ɗakin nan.
Shekara goma sha ɗaya ina wanke kwalabe,
ina liƙa lamba a akwatunan ƙwari.
Ni na fara kafa ido a bakin madubin,
na murɗa, na sake murɗawa,
duhu ya koma rawaya,
sai ga ki.

Ƙafa shida, ɗaya a ɗage
kamar mai shirin tsallake kwata.
Kumfar iska a gefen bakinki,
sai ka ce maganar da ba ki ƙarasa ba.

Muka shiga ƙirga.
Gaɓoɓin ƙaho: Dakta ta ce goma sha biyu,
na ce sha ɗaya.
Aka ɗauke wuta, muka ƙarasa gardamar da tocila.
Ita ce da gaskiya.
Ƙugu mai ƙulli guda, wannan mun saba gani.
To amma muƙamuƙan!
Na cinnaka gefe da gefe suke datsa,
naki sama suka lanƙwashe,
lauje biyu masu girbin abin da ba mu sani ba.

Muka yi ta buɗe littattafai
har sanyin Jos ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa.
Ba kiyashi ba ce ke, ba kwarkwasa ba,
ba shazumamun da ke yi mini ɓarna a gwangwanin sukari ba.
Muka aika hotonki ƙasashe uku,
wata biyar muna jira.
Amsa ta zo iri ɗaya:
babu danginki a takarda,
babu su a doron ƙasa.

An ce in tururuwa ta tashi lalacewa fiffike take yi.
Na duba bayanki, na sake dubawa.
Babu fiffike. Ba ki yi girman kai ba.
Aiki kika fita,
ice ya yi kuka a kanki.

A nan ne kakana ya faɗo mini a rai.
Kuza ya haƙa a Bukuru,
kwano a ka, layi ɗaya da ɗaruruwan irinsa,
hawa da sauka, hawa da sauka,
daga nesa ba ka bambance su da jerin tururuwa.
Wata safiyar damina rami ya rufe bakinsa.
Yanzu kududdufi ne a wurin, shuɗi, lumui,
masu noman kabeji na jan ruwansa da inji.
Shi ƙasa ba ta ajiye shi yadda ƙaro ya ajiye ki ba.
Ko hoto. Ko lamba.

Dakta ta ajiye biro ta ce,
"Kai ka fara ganin ta. Wane suna za ta ci?"
Na ji maƙogwarona ya bushe.
Na ce, "Jatau."
Ta rubuta, ta liƙa masa jelar Latin,
ya yi tsawo, ya yi baƙo a bakina,
amma yana ciki.

A gidanmu kwana bakwai jariri yake jira.
Ke kin jira shekarun da sifilinsu ya cika layi.
Ba rago, ba wanzami, ba raba goro,
sai kofin shayi biyu da suka huce.

Da na zo kwashe kofunan
na ga wata 'yar baƙa a kan tebur,
ta ɗauko ƙwayar sukari, tana sauri,
ta bi ta gefen ƙaron ba ta ko waiwaya ba.
Na ɗaga tsumman gogewa.
Na tsaya.
Na jira har ta sauka.