Haladu na Gangare

Ran Talata kai ne alƙali mai tari,
ran Juma'a ɗan sandan da ke tsoron kare.
Shekara guda kana ɗingishi a talabijin,
har kakata ta haɗa man zafi
ta aike ni Gangare.
Na tarar kana ƙwallo da yara.

Sunanka kullum can ƙasa yake fitowa,
lokacin an fara kwashe kwanuka.

Jiya a maƙabartar hanyar Zariya
rami ɗaya aka haƙa.
Mai gadi, boka, direban tifa, kurman tela,
yaya duk kuka shige?

A Taminus mai shayi ya ce, "Wa ya rasu?"
Na faɗi sunanka, bai gane ba.
Sai na yi masa tarin alƙalin.
Ya ajiye buta, ya yi salati.