Faɗin Yatsa Uku

Lahadin farko ta kowane wata
nakan shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasan kicin,
in dama baƙin rini a murfin kwalba
da buroshin haƙorin da ya gama aikinsa.
Uwata, Deok-ja, ta zauna kan kujerar roba,
ta ba ni ƙeya,
tawul mai tabo a wuya, basilin a gefen kunne.
"Tsaga da kyau, Hyang-suk," take cewa,
"kada ki bar musu ko ƙofa ɗaya."
Sai ka ce furfura ɓarayi ce, ni kuma mai gadi.

Shekara talatin da ɗaya tana tsaye a kasuwar Jagalchi,
takalmin roba har gwiwa, ruwan ƙanƙara na bin ƙafa,
tana ɗaga kifin galchi, dogo kamar takobi,
tana kira: ga azurfa! azurfar asuba!
Ta kan tire ta sayar,
ta kanta kuwa ta binne.
Na taɓa tambaya. Ta ce, "Mai saye
kan mai kifi yake fara dubawa.
In ya ga fari, sai ya ce kifin ma ya kwana."
Ban ja ba.
Wannan baƙin ne ya biya mini makaranta.

Sai santsi ya kwashe ta a matakalar Yeongdo,
ƙugu ya karye.
Wata uku a gadon asibiti, taga na kallon tashar jiragen ruwa.
Ban buƙaci kalanda ba:
wata ɗaya, faɗin yatsa ɗaya na fari a tsagar kanta,
wata biyu, yatsa biyu,
kamar teku na janyewa yana barin gishiri a gaɓa.

A gadon kusa akwai Geum-rye,
tsohuwar mai nutso, kai fari fat,
mai dariya da haƙora shida.
Ta ce, "Shekara hamsin ina shiga ruwa,
bai taɓa tambayata launin gashi ba."
Uwata ta juya mata baya.
Da dare kuma na ji suna raba lemo.

Ranar sallama na zo da kwalin rini a jaka.
Na miƙa mata madubi don ta ga ɓarnar.
Ta duba.
Ta daɗe tana dubawa, har shayi ya huce.
Ta sa yatsa a kan farin, a hankali,
yadda ake taɓa goshin mai barci.
"Wannan ai innata ce," in ji ta.
"Rabona da ita tun ina sha tara.
Ashe nan take, ni ke ta rufe mata ƙofa.
Bar ta ta zauna."

Kada ku ɗauka abin ya zo da sauƙi.
Rabi fari, rabi baƙi, wata takwas.
Bong-hui ta rumfar kusa ta sa mata suna hankaka.
Wani yaro ya tashi ya ba ta kujera a jirgin ƙasa,
ta zauna, ta dawo gida tana zaginsa.
Wata rana takan ɗaura kallabi har gira,
wata rana ta fita haka nan, haɓa sama.
Kifi dai ya ci gaba da ƙarewa kafin azahar,
ko da yake ita ta ce ciniki ya ragu.

Jiya tana tsaye a bayana ina wanke shinkafa,
ta tsinci uku a ƙeyata.
"Zauna in shafa miki, in kina so.
Hannuna na rawa, amma na san hanya."
Na ce a bari sai Lahadi.

Kwalin na nan a kan firji, ba a buɗe ba.
Na duba ƙasansa:
sai bazara mai zuwa zai lalace.