Kujerar Malam Ramalan

Ranar Alhamis ce, bayan la'asar,
ina naɗe tabarma a bayan ofis,
masinja ya leƙo: "Manaja na kira."
Na shiga da danshin alwala a gemuna.
Bai ce in zauna ba.
"Yahuza, an mai da Ramalan Funtuwa.
Daga Litinin sito na hannunka."
Ya miƙo makullai tara a zobe guda,
ya koma kan wayarsa.

Daga Sabon Gari zuwa Tudun Jukun
ban san na hau acaɓa ba, ban san na sauka ba.
Makullan na ta kacau-kacau a aljihu
kamar sun ji wani abin dariya.
Na haye gadar Kubanni
ina ƙirga buhunan da ban taɓa ƙirgawa ba.

Lantana ta rangaɗa guɗa.
Na ce, "Sassauta,
kayan aka ɗora, ba a ba ni gammo ba."
Ta yi kamar ba ta ji ba,
ta kai rigata ta Sallah wajen mai guga.
Kwana uku barci na zuwa bakin ƙofa
ya yi sallama, ya juya.

Litinin.
Kujerar ta lotsa daidai jikin wani.
Na zauna, ta karkata hagu,
can inda yake jingina in zai ce a'a.
A cikin durowa, ɓarin goro ya bushe,
ga rasit na bara, ga tabarau mai hannu ɗaya,
ga lambobi a bayan kalanda
da shi kaɗai ya san ma'anarsu.

Haladu, da muke cin ƙosai a takarda guda,
yau sai da ya ƙwanƙwasa ƙofa.
Ya ce, "Yallaɓai."
Na waiga in ga da wa yake.

Kafin hantsi mota ta iso daga Giwa,
manoman Soba sun yi layi a inuwar darbejiya,
kowa da takardarsa, kowa da gaggawarsa,
hadari kuwa ba ya jiran sabon ma'aikaci.
Littafi ya ce taki buhu ɗari huɗu da sha biyu.
Na ƙirga: ɗari huɗu da tara.
Na sake ƙirgawa da yatsa,
na sake da alli.
Ukun nan suka hau ƙirjina suka zauna.

Na kira Ramalan.
Ina jin hayaniyar tasha a bayansa, yana dariya.
"Rufi ya yi yoyo wancan watan,
suna bayan ƙofa, ƙarƙashin tamfol.
Abin da ya shige maka duhu, tambayi Baba Iyal maigadi,
ya fi littafin nan riƙo."
Na ce, "Makullin mai jan zare fa?"
Ya ce, "Ba ya buɗe komai.
Haka na gaje shi daga Sambo, shekara goma sha ɗaya.
Kada dai ka yar."

Na ɗauki biro.
Sunan da nake rubutawa tun firamare
ya fito a karkace kamar baƙo.
Na buga hatimi, ya sauka kai a ƙasa.
Direban ya duba, ya ninke, ya sa a hula,
ya ce, "Allah ya taya riƙo,"
ya tada mota.

Da yamma na datse kwaɗo,
na girgiza shi sau uku.
Har na kai shataletalen PZ
zuciyata ta ce, anya?
Na biya ɗan acaɓa, muka juyo.

Baba Iyal na hura gawayin shayi,
bai ko ɗago kai ba.
"A kulle yake," in ji shi.
"Ramalan ma sai da ya yi wata biyu yana dawowa.
Zauna, ruwan ya kusa tafasa."